Daga Gurbin Dara Zuwa Kwalin Wasa: Wasannin Zaune a Zangon Agege

Wasannin zaune su ne waɗanda mutum biyu ko fiye suke yi a kan allo, tabarma, tebur ko dandariyar ƙasa, da 'ya'yan wasa ko kati ko dayis, bisa ƙa'idar da kowa ya amince da ita tun kafin a fara. Dara tana cikinsu, haka lido da diraf da karta, haka kuma sababbin wasannin da ake sayarwa a cikin kwali tare da takardar bayani. Tarihinsu ya yi nisa ƙwarai. An tono allunan wasan senet a kaburburan Masar na kimanin shekara 5,000 da suka wuce, an kuma samu wani allon a tsohon birnin Ur na ƙasar Iraƙi wanda shekarunsa suka kai 4,500.

Kowane wasa irin wannan yana tafe da ayyuka uku. Akwai mai bugawa, akwai wanda ya tsara ƙa'idar, akwai kuma mai auna wasan ya ce ya yi ko bai yi ba. A ƙasashen da sana'ar ta kafu, kowane aiki da masu cin abinci da shi. A unguwannin Hausawa na Legas kuwa ayyukan uku a cakuɗe suke a majalisa guda: wanda ya gama bugawa shi ne zai koma gefe yana sharhi, shi ne kuma gobe zai kawo shawarar a sauya wata doka. Abin da ya bambanta majalisar da masana'antar shi ne rubuta ƙa'ida, da gwada ta da gangan, da auna ta da ma'aunin da ba ya duban fuska.

Agege, mahaɗar wasanni

Goro da jirgin ƙasa su suka kafa zangon Hausawa a Agege. Layin dogo daga Legas ya isa Ibadan a 1901, ya ratsa ta Agege, sannan a 1912 aka samu hanyar jirgi tun daga bakin teku har Kano. A lokacin yankin yana da gonakin koko da na goro, fataken Arewa kuwa goro suke nema, sai suka riƙa sauka kusa da tasha suna saye suna ɗaurewa suna turawa gida. Daga baya cinikin dabbobi da kayan gwari da canjin kuɗi suka biyo baya, mahautar Oko-Oba ta zama wata cibiyar, har aka samu iyalan da kakanninsu ma a Agege aka haife su. Irin wannan zama ne ake samu a Idi-Araba, Mile 12, Obalende da Alaba Rago.

Sana'o'in zango suna da yawan jira. Mai goro yana jiran mota ta iso, dillalin shanu yana jiran mai saye, direba yana jiran lodi, mai gadi yana jiran gari ya waye. Wasan zaune ya dace da wannan rayuwa domin ba ya cin wuri, ba ya bukatar lantarki, kuma ana iya ɗage shi da zarar ciniki ya zo ko an kira salla. Ga shi kuma ba ya neman dogon turanci. Bahaushe da Bayarabe da ɗan ƙabilar Ibo za su iya zama kan allo ɗaya ko da ba su jin harshen juna sosai, domin ƙa'idar wasan ta wadatar da su. Saboda haka a Agege wasan da aka zo da shi daga Arewa yana zaune kafaɗa da kafaɗa da na masu masauki da wanda Turawa suka kawo.

Dara

Dara ita ce babbar wasan dabara ta ƙasar Hausa da maƙwabtanta. Dakarkarin ƙasar Zuru sun shahara da ita, Zabarmawan Nijar suna yin ta da sunan dili, ana kuma samun ta har Burkina Faso. A gida ana haƙa gurabenta a ƙasa ne, layi 5 kowane da gurbi 6, jimla gida 30, kodayake wasu wuraren suna faɗaɗa filin zuwa layi 6 da gurbi 7. Kowane ɗan wasa yana da 'ya'ya 12. Ɗaya ya ɗauki tsinke ko guntayen kara, ɗayan ya ɗauki tsakuwa ko ƙwallon dabino, don a bambanta. A Legas, inda siminti da kwalta suka rufe ƙasa, ana zana gidajen a kan katako ko bayan kwali, marafan kwalba su maye gurbin tsakuwa.

Wasan hawa biyu ne. A hawa na farko ana zuba 'ya'ya ɗaya bayan ɗaya, wannan ya sa wancan ya sa, har 24 ɗin su zauna, gida 6 kaɗai ya rage. A wannan lokaci ba a yarda mutum ya jera uku a layi ba. A hawa na biyu ake fara tafiya: ɗa yana matsawa gida ɗaya, gaba ko baya ko gefe, ban da karkace. Wanda ya jera 'ya'yansa uku cif a layi ɗaya ya ci, sai ya ɗauke ɗa guda na abokin karawarsa. Jeri huɗu ba ci ba ne. Wanda 'ya'yansa suka ragu har ba zai iya jera uku ba, an cinye shi.

Ƙa'idar gajera ce, yaro zai haddace ta a zama ɗaya, amma zurfin yana cikin zubi. Da yake gida 6 kaɗai ake bari a buɗe, wanda ya iya zubi yana tsara inda waɗannan gidaje za su faɗo, ya bar wa kansa hanya, ya toshe ta abokin wasa. Babban burin gwani shi ne ya kafa abin da 'yan dara ke kira doki, wato tsarin da ɗa ɗaya zai riƙa kai da komo tsakanin gida biyu, duk motsin da ya yi sai ya cika jeri uku. Wanda aka kafa wa doki bai karya shi da wuri ba, sai dai ya zuba ido ana kwashe masa 'ya'ya. Haka nan zaɓen ɗan da za a ɗauke bayan an ci wani ilimi ne: sabon shiga yana ɗauke wanda ya fi kusa da hannunsa, gwani kuwa yana ɗauke wanda ke tsare wata ƙofa. Sau da yawa wanda ya fara ci ba shi ke gamawa da nasara ba, ba a sanin maci tuwo sai miya ta ƙare.

Ba sa'a ko kaɗan a dara, kuma babu abin da yake ɓoye. Duk abin da ɗan wasa ya sani, abokin karawarsa ma yana gani. Sai dai ƙananan dokokinta sun bambanta daga gari zuwa gari. Wasu sun hana a ɗauke ɗan da ke cikin jerin uku da aka riga aka kafa, wasu sun yarda. A zango, inda Basakkwace da Bakatsine da mutumin Maraɗi ke haɗuwa, dole a daidaita waɗannan kafin a zuba ɗan farko, in ba haka ba gardama ta cinye wasan.

Ayo, diraf, lido da Whot

Ayo wasan Yarabawa ne, ana yin sa a kan katako mai rami 12, shida a kowane ɓangare, da ƙwaya 48, huɗu a kowane rami. Ɗan wasa yana kwashe ƙwayoyin rami ɗaya na ɓangarensa ya bi ramuka yana sakin ɗaya-ɗaya. Idan ta ƙarshe ta faɗa ramin abokin wasa ta mai da abin da ke ciki biyu ko uku, ya cinye su. Wasan lissafi ne tsantsa, gwanayensa suna ƙirga zagaye da yawa a ka kafin su taɓa ƙwaya. A 2002 wasu masana kwamfuta biyu a Amsterdam, John Romein da Henri Bal, sun bi diddigin wani nau'in wannan wasa mai suna awari, suka lissafa yanayi kusan biliyan 889 da allon zai iya kasancewa, suka gano cewa idan kowane ɓangare bai yi kuskure ba canjaras ake tashi.

Diraf ɗin da ake bugawa a Najeriya na allo mai gida 100 ne, ana tafiya a kan 50 daga ciki, kowane ɗan wasa da 'ya'ya 20. Ana ci ta hanyar tsallake ɗan abokin wasa, ɗan da ya kai ƙarshen allo kuma ya zama sarki mai dogon zango. Shi ne wasan bakin titi da tashar mota, ana buga shi da sauri da ƙarar katako da baƙar magana, 'yan kallo sun fi 'yan wasa yawa.

Lido ya samo asali daga pachisi na Indiya, aka sauƙaƙa shi aka yi masa rajista a Ingila a 1896. Mutum huɗu ne iyaka, kowa da 'ya'ya huɗu, ba mai fita gida sai ya jefa shida. Lidon Najeriya ya saba amfani da dayis biyu a cikin ɗan gwangwani, a kan allon da aka rufe da gilashi. Wannan ƙaramin sauyi yana da tasiri a lissafi. Da dayis ɗaya, damar samun shida ɗaya ce cikin 6, wato kusan kashi 17 cikin 100. Da biyu kuwa damar a samu shida ko da a guda ɗaya ta kai 11 cikin 36, kusan kashi 31 cikin 100. Wasan ya fi saurin tashi, kuma ɗan wasa yana da zaɓin raba lambobin biyu tsakanin 'ya'yansa ko ya haɗa wa ɗaya.

Whot kuwa kati ne da William Storey ya ƙirƙira a Ingila a 1935, kamfanin Waddingtons ya yaɗa shi. A can ya dushe, a Najeriya ya samu gida. Katin 54 ne masu siffa biyar: da'ira, kusurwa uku, gicciye, murabba'i da tauraro, sai katunan Whot masu lamba 20 da ke ba mai su damar kiran siffar da yake so. Dokokin da suka sa wasan ya yi armashi 'yan wasa ne suka ɗora su: lamba 2 ta sa na gaba ya ɗebi kati biyu, lamba 8 ta tsallake shi, lamba 14 ta tura kowa kasuwa, wato ɗibar kati daga tarin da ya rage. Wannan ma ƙirƙira ce, ko da ba a san sunan wanda ya fara ta ba.

Wasannin kwali

Wasan kwali shi ne wanda aka san mai shi, aka buga ƙa'idarsa, ake sayar da shi cikakke. Monopoly, wanda Parker Brothers suka fitar a Amurka a 1935, ya tsiro ne daga wani wasa da Lizzie Magie ta yi wa rajista a 1904 don nuna illar tattare filaye a hannun mutum ɗaya. A Disambar 2012 kamfanin Bestman Games na Nimi Akinkugbe ya fitar da Monopoly na birnin Legas, na farko da aka yi wa wani birni a Afirka, inda Banana Island ta zama unguwa mafi tsada a allon, Makoko mafi araha.

Sabon salon tsara wasa ya fi bunƙasa a Jamus. Misalin da aka fi sani shi ne Catan na Klaus Teuber, wanda ya fito a 1995. A cikinsa ba a fitar da kowa daga wasa kafin a gama, ana musayar kaya tsakanin 'yan wasa, kuma lokacin tashi sananne ne. Birnin Essen yana karɓar baje kolin wasanni duk shekara tun 1983.

Najeriya ma ta shiga sahu. Kenechukwu Ogbuagu ya kafa NIBCARD Games a Abuja, inda ake tsara wasanni da buga su a cikin gida, ya kuma fara taron masu wasannin allo na Afirka a 2016. A 2021 kamfanin ya karɓi kyautar Diana Jones, ɗaya daga cikin manyan lambobin yabo na wannan fage a duniya. A Scrabble, Wellington Jighere ya zama zakaran duniya a birnin Perth na Ostareliya a 2015, ɗan Afirka na farko da ya kai haka. A Legas kuma Tunde Onakoya ya kafa Chess in Slums Africa a 2018, yana koyar da yaran unguwannin talakawa wasan ces tun daga Ikorodu har Makoko da ƙarƙashin gadar Oshodi, kuma a Afrilun 2024 ya shafe awa 60 yana bugawa a dandalin Times Square na New York don tara kuɗin karatun yara.

Wasan shiga rigar wani

Akwai wani reshe da ya sha bamban da duk waɗannan, domin ba a cin juna a cikinsa. Mutum huɗu ko biyar suna zama, kowa ya ɗauki matsayin wani mutum na cikin labari, da sunansa da halinsa da abin da ya iya da abin da ya gaza, duk a rubuce a takarda. Mutum ɗaya shi ne jagora. Shi ke bayyana wuri da abin da ke faruwa, shi ke magana da bakin duk wanda aka gamu da shi a hanya, shi ke yanke hukunci. Sauran su faɗi abin da mutanensu za su yi. Wanda ya buɗe wannan fage shi ne Dungeons & Dragons, na Gary Gygax da Dave Arneson, wanda ya fito a Amurka a 1974.

Idan abin da ɗan wasa ya ce zai yi yana da haɗari, dayis ke raba gardama. Ana amfani da masu fuska 4, 6, 8, 10, 12 da 20. A ce jagora ya yanke cewa haye wani kogi yana bukatar 15 ko fiye a dayis mai fuska 20. Lambobi 6 ne cikin 20 za su fitar da mutum, wato kashi 30 cikin 100. Idan takardarsa ta nuna ya iya ruwa, aka ƙara masa 3, to 12 ma ta ishe shi, damarsa ta koma kashi 45. Ta haka hali da gwaninta suke shiga lissafi, kuma labarin ba ya zama son ran jagora kaɗai.

Tushen wannan ba baƙo ba ne a al'adar Hausa. A tashe yaro yana manna auduga a haɓa ya zama tsoho. A kalankuwa samarin ƙauye suna naɗa gwamna da alƙali da 'yan doka a tsakaninsu bayan kaka. A wasan gauta matan fada suna kwaikwayon sarki da fadawansa. Mai tatsuniya kuma ta saba sauya murya daga Gizo zuwa Ƙoƙi. Abin da sabon salon ya ƙara shi ne takarda, da ƙa'idar warware shakka, da bai wa masu sauraro ikon juya akalar labari. Yawancin littattafan wannan wasa sun ginu a kan almarar Turai, kodayake an yi ƙoƙarin kafa wasu a kan Afirka, kamar Nyambe da Atlas Games ya buga a 2002. Tarihin fatauci kaɗai ya isa ya ɗauki irin wannan wasa: ayarin da ya tashi daga Kano zuwa Gwanja neman goro yana da madugu da jagaba da uban dawaki, ga kuɗin fito, ga 'yan fashi, ga sarakunan da sai an yi musu gaisuwa kafin a wuce.

Iyakar wasa da caca

Duk mai son yaɗa wasan zaune a cikin al'ummar Musulmi sai ya san inda malamai suka tsaya. Sa kuɗi ko wani abu a kan sakamakon wasa caca ce, haramcinta kuma a bayyane yake a Suratul Ma'ida. Game da dayis, akwai hadisai a Muwaɗɗa da Sahihu Muslim da suka yi hani ga wasan nardu, wanda da dayis ake yin sa, kuma malamai da yawa sun faɗaɗa hanin zuwa duk wasan da ya rataya a kan jifa. Risala ta Ibn Abi Zaid, wadda ake karantawa a zaurukan ƙasar Hausa, ta haɗa nardu da shaɗaranji, wato ces, a cikin hani. Malaman Shafi'iyya sun sassauta a kan shaɗaranji muddin babu kuɗi, babu zagi, kuma bai shagaltar daga salla ba.

Wannan ya sa karta da lido suke da tabo a idon iyaye da yawa, ko da ba a sa ko kwabo ba, yayin da dara ta fi samun sassauci a wurin jama'a. Ga mai tsara wasa, wannan bayani ne mai amfani. Idan yana son wasansa ya shiga gida da makaranta, zai iya gina shi a kan dabara zalla, ko ya rage rawar sa'a, ya kuma sa zagaye ɗaya ya ƙare a tsakanin salla da salla.

Yadda ake ƙirƙirar wasa

Tsara wasa yana farawa da tambaya ɗaya: wace shawara ake so ɗan wasa ya riƙa yankewa? Wasan da babu zaɓi a cikinsa jifa ne kawai. A ɗauki misalin mai son tsara wasa a kan cinikin goro tsakanin Agege da kasuwannin Arewa. Zaɓin da ke zuciyar sana'ar shi ne a sayar yau da ƙaramar riba ko a riƙe huhu a jira farashi ya tashi, alhali goro yana iya lalacewa. Idan ƙa'idar ta sa ɗan wasa ya ji wannan fargaba, jigo da tsari sun haɗu. Idan kuwa lido ne aka canja wa zane aka rubuta sunayen garuruwa, ba a yi sabon wasa ba.

Mataki na biyu shi ne samfurin gwaji, da kwalin taliya da biro da marafan kwalba. Ba a kashe kuɗi a kan zane a wannan lokaci, domin rabin dokokin za su canja. Sai gwaji, wanda shi ne mafi yawan aikin. Mai tsarawa yana lura da abubuwa ƙayyadaddu: minti nawa wasan ya ci, sau nawa wanda ya fara ya yi nasara, ko akwai dabara guda da kullum take ci, ko wanda ya yi gaba tun farko ba a iya kamo shi, da kuma tsawon jiran da mutum ke yi kafin yinsa ya zagayo. Dokar dara da ta hana jera uku lokacin zubi misali ce ta gyaran da gwaji ke haifarwa, domin ba don ita ba da an fara cin juna tun kafin fili ya cika, wanda ya fara zubi kuma ya samu fifiko.

Lissafin sa'a ma aikin mai tsarawa ne. Idan aka jefa dayis biyu aka haɗa, hanyoyi 36 ne. Bakwai tana fitowa ta hanya 6, biyu da sha biyu kuwa ta hanya ɗai-ɗai. Catan ya gina darajar filayensa a kan wannan bambanci. Wanda bai san shi ba zai ɗora babban sakamako a kan lambar da ba ta cika fitowa ba, ya yi ta mamakin abin da ya sa wasansa ke ja.

Gwaji na ƙarshe shi ne a miƙa wa baƙi kwalin da takardar ƙa'ida, mai wasan ya koma gefe ya kame bakinsa. Duk inda suka tsaya suna musu, takardar ce ba ta fayyace ba. A wuri kamar Agege harshen takardar ma abin dubawa ne, domin teburi ɗaya zai iya haɗa mai karanta boko da mai karanta ajami da wanda Yarabanci ko Turancin buroka ya fi masa sauƙi. Alamomi da launuka da misalai masu hoto suna rage wannan wahala. Wajen bugawa, Legas tana da maɗaba'un Shomolu da Mushin da za su iya kati da kwali da allo, amma ƙananan kaya irin su dayis yawanci daga waje ake shigo da su, kuma buga kaɗan yana sa kowane kwali ya yi tsada. Dokar haƙƙin mallaka tana kare rubutun ƙa'ida da zane, rajistar tambari tana kare suna, amma tsurar dabarar wasa ba ta da irin wannan kariya.

Yadda ake auna wasa

Sharhin wasa aiki ne mai ƙa'idarsa. A Jamus, kyautar Spiel des Jahres da aka fara bayarwa a 1979 tana hannun kwamitin masu sharhi ne waɗanda ba ma'aikatan kamfanonin wasa ba, kuma wasan da ya ci ta cinikinsa yana ninkuwa. Catan ya ci ta a shekarar da ya fito. Darajar kyautar ta dogara ne a kan yardar da jama'a suka yi cewa alƙalan ba su da rabo a cinikin.

Mai sharhi na gari yana buga wasa sau da dama, da adadin mutane daban-daban, kafin ya ce komai, domin wasan da ya yi daɗi da mutum huɗu yana iya mutuwa da mutum biyu. Yana fara bayyana yadda wasan yake a taƙaice, sannan ya amsa tambayoyin mai saye: shekara nawa yaro zai kai kafin ya iya, minti nawa ake koyo, minti nawa ake bugawa, nawa ne rabon sa'a nawa ne na dabara, kuma bayan bugu goma akwai sauran abin ganowa ko an ƙure shi. Yana duba ingancin kaya da idon inda za a yi amfani da su. Katin da ba a lulluɓe shi da leda ba ba zai jure damshin Legas da hannun mai cin suya ba, wasan da ke da ƙananan 'ya'ya 200 kuma ba na benci a bakin titi ba ne. Yana auna farashi da abin da iyali ke iya cirewa. A wasan shiga rigar wani, ana ƙara duba ko littafin yana taimakon sabon jagora, da kuma yadda ya ɗauki al'adun da ya aro, da sani ko da ka.

Wajibi ne mai sharhi ya raba abin da bai yi masa daɗi ba da abin da ya lalace. Wasan ciniki ba zai burge mai son faɗa ba, wannan ba aibi ba ne. Amma dokar da ta ci karo da wata dokar aibi ce ga kowa. Idan kyauta aka ba shi kwalin, ko mai wasan abokinsa ne, sai ya faɗa.

Wannan ma'auni yana aiki a kan wasannin gargajiya ma, kuma a nan ne aikin ya fi gaggawa. Ces da Scrabble suna da rubutattun dokoki da ƙungiyoyi da alƙalai, shi ya sa ɗan Legas zai iya karawa da ɗan kowace ƙasa. Dara tana da gwanaye, amma dokokinta a baki suke, kuma sun rarrabu. Zango irin na Agege, inda salon garuruwa da yawa ya taru wuri ɗaya, ya dace da tattara waɗannan bambance-bambance: girman fili, hukuncin jeri huɗu, ɗan da aka yarda a ɗauke, da lokacin da ake cewa an tashi canjaras. Idan aka rubuta kowane salo da sunan yankinsa, aka gwada su aka ga wanda ya fi daidaita tsakanin mai farawa da mai biye masa, za a samu ƙa'idar da makarantu za su koyar da ita, masu shirya gasa su yi hukunci da ita, masu buga kwali kuma su sa ta a takarda.